Ba Gajiya, Inna

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifiyarmu, bai tafi da maganarta duka ba. Ya bar mata 'yan kalmomi, irin waɗanda baki ya saba da su tun mutum bai san ma'anarsu ba. Tana iya cewa "sannu". Tana iya cewa "lahiya lau" da "madalla" da "alhamdu lillahi". Sunayenmu kuwa, mu da ta haifa, duk sun ɓace mata. Idan tana son ruwa sai ta kalli randa. Akwai kuma abu ɗaya da ta fi yawan faɗa, musamman idan ina kusa da ita.

"Ina gajiya."

Ni kuma in amsa mata yadda kowane Bahaushe yake amsawa, ko da kuwa yanzu ya sauke buhu daga ka. "Ba gajiya, Inna."

Inna mai gumi ce. Duk unguwarmu a Argungu da shi aka san ta: ta jiƙa shinkafa mai ɓawo, ta turara ta a manyan tukwane, ta shanya, a kai inji. Da wannan aikin ta rene mu. Ban taɓa ganin ta zauna haka kawai ba sai a kan sallaya. Ga ta da tsokana, idan ta kwaikwayi tafiyar mutum ko maganarsa sai mai abin ma ya yi dariya. To wannan matar ce aka wayi gari tana kwance, hannun dama da ƙafar dama sun ƙi ta, baki ya karkace.

Mu biyu muka rage mata. Ni ce babba, ina koyarwa a makarantar firamare a Birnin Kebbi, gidana yana Badariya. Ƙanena shi ke zaune a gidanmu na Argungu da iyalinsa, yana noman shinkafa da albasa a fadama ta wajen Augie. Matarsa ce ke da ɗawainiyar Inna a sauran kwanakin mako. Ni kuma kowace Juma'a, da an tashi makaranta, sai in wuce tasha da ƙurar alli a hannuwana. Ba na komawa sai yammacin Lahadi. Haka muka shekara, muka shiga wata shekarar.

Ina da zuciya, wannan ba sai an gaya mini ba. A wurin Innar ma na gaje ta. Amma a ce mutum ya wuni yana fama da yara cike da aji, kowanne da nasa kukan, ya fito cikin rana bai karya da abin kirki ba, a cusa shi cikin mota mutum biyu a kujerar gaba, ya sauka Argungu ƙafarsa ta kumbura, sannan ya shiga ɗaki ya tarar ba a canza zanen gado ba? Haba! Ai ko waliyyi ne sai ya yi magana. Ni kuwa ba waliyyiya ba ce. Tun daga zaure nake fara bincike. Wa ya bar bokitin nan a hanya? Me ya sa furar ta yi kauri haka, so ake ta shaƙe? An ba ta maganin rana? Wa ya yanke mata farce haka kamar da wuƙar albasa? Matar ƙanena yarinya ce mai haƙuri, ga goyo a bayanta. Sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya." Wannan "to" ɗin ma haushi yake ba ni.

Likitan da ke gasa wa Inna ƙafa a asibiti ya taɓa ce mana idan ba a motsa ƙafar za ta sandare, amma idan aka dage wasu sukan taka. Na kama wannan maganar na riƙe da hannu biyu. Na sa ƙanena ya kafa turaku biyu a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, ya ɗaura doguwar gora a tsakaninsu daidai ƙugun mutum. Kowace Asabar da Lahadi sai mun fito da Inna. Ta kama gorar da hannun hagu, ni na riƙe ta ta dama, tana jan ƙafar nan a ƙasa kamar ba tata ba. Gumi ya jiƙa mata riga. Sai ta tsaya, ta ɗago ta dube ni.

"Ina gajiya."

Wallahi har tausayi take ba ni. In ce a raina, Allah sarki uwa, tana cikin wannan hali amma ba ta manta da gaishe ni da hanya ba. Sai in ce, "Ba gajiya, Inna. Ƙara taku ɗaya. Tashi, tashi, ɗaga ta." Ina faɗa ina kaɗa hannu sama, yadda nake yi wa 'yan aji idan na ce su miƙe.

Ban san ranar da abin ya fara ba, sai dai na lura Inna ta daina duban ƙofa idan na shigo. Da can da ta ji sallamata za ta yi ƙoƙarin ɗaga kai, rabin fuskar nan mai rai ya yi murmushi. Yanzu sai in tarar ta juya wajen bango, idanunta a rufe. In ce, "Inna, na iso." Shiru. In taɓa ta, ba zazzaɓi. Amma da matar ƙanena ta shigo da kunu sai ga idanu sun buɗe, har da "sannu". Na haɗiye abin karo na farko, na haɗiye na biyu. A na uku na fita bayan ɗaki na tsaya ina duban tukwanen guminta da aka kife, raina yana ƙuna. Ni da na bar gidana da 'ya'yana, ni ce za a juya wa baya?

Ƙanena ne ya yi ƙarfin halin yi mini magana. Lokacin ciran albasa ne, zaure cike da buhuna, warinta har cikin ido. Ina shirin komawa tasha ya tare ni, yana ta murza hula a hannu.

"Yaya, wata magana ta, don Allah kar ki ɗauke ta da zahi."

"Faɗi, mota ba ta jirana."

"Inna tun ran Alhamis take fara ƙin abinci. In ta ji kabu-kabu ya tsaya ƙohwar gida ran Juma'a, sai ta runtse ido. Munka ga ko za ki ɗan huta, ko mako biyu, gidanga ya samu ya lafa."

Ban bar shi ya rufe baki ba. Abin da na gaya masa ranar, ba zan rubuta shi a nan ba. Na tuna masa wa ya goya shi. Na tambaye shi ko matarsa ce ta aiko shi. Maƙwabta sun ji, na san sun ji, don wata ta leƙo ta katanga. Ya sa hularsa ya ɗauki jakata ya kai mini bakin titi. A mota har muka wuce Ambursa ban huce ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na san bai yi ƙarya ba. Uwata tana tsoron zuwana. Kuma kwanakin da suka rage mata ba wanda ya san yawansu, ga shi ina cinye nawa rabon ina kallon bayan kanta.

A cikin makon nan kaina ya yi ta sarawa har na je aka auna ni. Aka ce jinina ya hau sosai. Likitar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, kina samun hutu kuwa? Akwai abin da ke damun ki?" Na ce babu komai, alhamdu lillahi. Me zan ce mata? Na karɓi ƙwayoyina na fito.

Ban huta ba. Juma'a na zagayowa na kama hanya, don in nuna musu ba wanda ya isa ya raba ni da uwata. Bazara ce, irin zafin nan namu da ko kujerar mota ba ta taɓuwa. Motar ta lalace a hanya, muka tsaya a gindin wata ƙaya mara inuwa direba yana ta bugun inji da sifana. Sai bayan la'asar na isa, ban ci komai ba tun shayin safe. Ina shiga tsakar gida me zan gani? Gorar Inna an shanya wanki a kanta. Zannuwa da rigunan jariri, reras, suna ɗiga.

Na buɗe baki. Na ji maganar ta taso tun daga cikina, na san kuma idan ta fito sai unguwa ta sake ji. Matar ƙanena ta miƙe daga bakin murhu, ta riga ta sunkuyar da kai tana jira. Amma kafin in ce wani abu sai tsakar gidan ya juya mini. Ganina ya dushe, kunnuwana suka ɗauki ƙara. Da lalube na kai ƙofar ɗakin Inna, na shiga na zube a ƙasa kusa da gadonta, jakata tana rataye a kafaɗa. Tana kwance yadda ta saba, fuska a bango.

Na jingina kaina da ƙarfen gadon. Ba da ita nake ba, ba da kowa nake ba, maganar ce kawai ta zubo.

"Wayyo Allah. Ni dai ina gajiya. Wallahi ina gajiya."

Sai na ji gadon ya motsa. A hankali, da ƙyar, Inna ta juyo. Ta dube ni da idon nan nata na da, wanda take yi idan za ta kwaikwayi wani. Ta buɗe karkataccen bakinta.

"Ba gajiya," ta ce.

Da sauri ta faɗe shi, a gaggauce, kamar mai korar kaza. Sannan ta ɗaga hannun hagu ta kaɗa shi sama sau biyu. Tashi, tashi.

Ni ce. Muryata ce, hannuna ne, ba ta rage komai ba.

Da farko abin ya soke ni. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, an share shi da kalma biyu. Sai kuma na tsaya cak. A rubuce maganar ɗaya ce, ko a wannan takardar ba za ka bambanta su ba. A baki ne suke rabuwa. "Ina" ta gaisuwa daga ƙasa murya take ɗauko ta ta hau da ita. "Ina" ta mai faɗin halin da yake ciki kuwa daga sama take saukowa. Yaro ƙarami ma ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Amma ciwon ya shimfiɗe muryar Inna, ba hawa ba sauka, komai a layi ɗaya yake fita. Ni kuma kunnena ya zaɓi wadda ya saba ji, wadda take da amsa a shirye. Duk watannin nan, riƙe da gora, gumi yana zuba, ba gaishe ni take yi ba.

Na ce, "Inna." Na matsa kusa da ita. "Inna, gajiya kike yi? Kin gaji?"

Ta lumshe ido ta buɗe. "Madalla," ta ce.

Sai dariya ta ƙwace mini, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka, na rasa wanne nake yi. Ita ma kafaɗarta mai lafiya tana rawa. Matar ƙanena ta shigo da gudu da kofin ruwa, ta tsaya a ƙofa tana duban mu, ta ɗauka wani abu ya faru. Na karɓi ruwan na shanye. Na ce mata, "Akwai sauran abinci? Yunwa nake ji." Ina jin wannan ce maganar farko da na yi mata cikin watanni wadda ba tuhuma a ciki. Ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka da ɗan busasshen kifi, na ci a nan ƙasa, Inna tana kallona.

Ba zan ce daga ranar na zama wata sabuwar mace ba. Wanda ya san ni zai yi dariya. Amma na gane wani abu game da zuciyar nan tawa da nake taƙama da ita. Yawancin abin da nake kira fushi ba fushi ba ne. Gajiya ce da yunwa da tsoro, tsoron in ga matar da ba ta taɓa zama ba ta ƙare a kwance. To mu ba mu da wurin ajiye irin wannan. Daga safe zuwa dare mutum nawa ne za su tambaye ka gajiya, kuma kowanne "babu" za ka ce masa. Ni ban ga laifin gaisuwarmu ba, ladabi ne, kuma ba kowa za ka tsayar a hanya ka zazzage wa cikinka ba. Sai dai ni na faɗi "babu" har na yarda da ita. Abin da na hana fita ta ƙofa sai ya riƙa fita ta taga, ya faɗa kan yarinyar mutane mai goyo.

Abin da na koma yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na daina shiga mota da yunwa, ko ƙosai ne sai na saya a tasha. Idan kabu-kabu ya sauke ni ba na faɗawa cikin gida kai tsaye. Sai in zauna a dakalin zaure, in cire takalmi, in tambayi kaina da gaske, yadda ba wanda zai tambaye ni: ke, me ke damun ki yanzu? Wani lokaci ƙafa ce. Wani lokaci wata uwa ce ta zo makaranta ta zage ni a kan ɗanta, na ɗauko zagin tun daga Birnin Kebbi zan sauke a Argungu. Idan na kira abin da sunansa sai ya ɗan saki wuyana. Sannan in yi sallama. Bokiti yana nan a hanya kamar kullum, sai in tsallake shi, ko in ɗauke. Ashe ɗauke bokiti bai kai faɗa a kansa cin ƙarfi ba.

Na sami ƙanena a rumfar albasarsa na ce masa na karɓi shawararsa, zan riƙa tsallake mako ɗaya a wata. Ya dube ni kamar an canza masa yaya. Na ce, "Kar ka saba, ba don kai na yi ba." Ya yi dariya ya cika mini leda da albasa. Makon farko da na zauna a Badariya ban san yadda ake hutu ba. Na wanke labulaye, na share akurkin kaji, na kira waya har matar ƙanena ta ce, "Yaya, lahiyarta lau, ki kwanta."

Na sha zamewa. Akwai ranar da na tarar an manta maganin safe, na ɗaga murya har jaririn ya farka. Ina tsakiyar faɗan na ji daga ɗaki an ce, "Sannu." Da ƙarfi, a shimfiɗe. Matar ƙanena ta toshe baki da gefen mayafi. Ni ma ban iya ƙarasawa ba.

Gorar ba mu cire ta ba. Idan Inna ta kalle ta ta taga sai mu fito da ita. Idan ta ce "ina gajiya" sai mu zaunar da ita a kujera a inuwar dogon yaro, a kawo mata shinkafa a faifai tana tsince tsakuwa da hannu ɗaya. Idan ba ta kalle ta ba, a shanya wanki. Ba ta sake taka ƙasa da kanta ba. Shin da na ci gaba da matsa mata, da ta taka? Ban sani ba. Wannan tambayar takan zo mini har yanzu, ba ni kuma da amsarta. Nakan bar ta ta zauna, idan ta gaji ta tafi.

Allah ya karɓi abarsa bayan an yanke shinkafar damina. Kwanakin zaman makoki mutane suka yi ta shigowa, daga Augie, daga Birnin Kebbi, matan da suka yi gumi tare da ita. Kowa ya yi gaisuwar haƙuri sai ya ƙara da ta gajiya, ni kuma ina amsawa yadda aka saba. Har yau haka nake amsawa. Sai dai idan tsoho ko mara lafiya ya faɗa mini, nakan ɗan dakata in dubi fuskarsa tukuna.

Amma ba ranar rasuwarta nake yawan tunawa ba. Wata Asabar ce cikin damina, 'yan makonni kafin nan. An yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi, an yi azahar gidan ya yi tsit. Na gama shafa mata man zafi a ƙafa, ina zaune a bakin gado ina murza idona, don makon jarrabawa ne, na yi ta fama da takardun yara. Sai ta ce, "Ina gajiya."

Ban amsa ba. Na koyi jira. Na dube ta in ga wacce ce a cikin biyun, ko in gyara mata matashi, ko in juya ta. Muryar a shimfiɗe take kamar kullum, ba abin da za ka kama a ciki. Sai ta ja jikinta da ƙyar ta matsa wajen bango, ta buga katifa da hannun hagu a wurin da ta bari.

Na ce, "Akwai ta, Inna. Da yawa."

Na kwanta a gefenta da kayan jikina, ɗankwali a kai, kamar yarinyar da ta dawo daga aike. Ina jin ƙamshin man zafi da na ƙasar da ta sha ruwa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Hannunta yana kan kaina. Idonta biyu, fuskarta tana wajena, bangon yana bayanta.